Jelar ragon layya tana rataye, gidanmu ya rabu biyu a kan cika-ciki

Maman Sadik: Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da shiga sabuwar shekara. Ina da tambaya, malamai da manya ku yi mini haƙuri idan ta yi tsawo. Tun Babbar Sallah surukata ta ware jelar ragon da muka yanka da ƙafafu biyu, ta sa gishiri ta shanya, ta rataye a ɗakinta. Haka take yi duk shekara. Daren cika-ciki a sauke a yi miya, a tuƙa tuwo mai yawa, kowa ya ci har ya bari, a kai wa maƙwabta. Bana ƙanen maigidana ya dawo daga karatu, jiya da daddare ya ce wannan abu bidi'a ne, ba za a sake yin sa a gidan ubansa ba. Inna ba ta ce uffan ba, ta shige ɗaki, yau ko kunun safe ba ta sha ba. Maigida yana kan hanyar Legas, na kira shi ya ce in yi abin da ya dace. Ni ce da girki, yau kuma biyar ga watan Muharram. In dafa in saɓa wa Allah, ko in ƙi in ɓata wa tsohuwa rai?

Ɗalibi: Wa alaikumus salam. Yaron gaskiya ya faɗa ko da ta yi ɗaci. Abin da ya tabbata a wannan wata azumi ne. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) ya ce mafificin azumi bayan Ramadan shi ne na watan Allah Muharram. Ya kuma ruwaito daga Abu Ƙatada cewa azumin ranar Ashura ana fatan ya kankare zunubin shekarar da ta wuce. To ta ina tuwo da jelar rago suka shigo? Ranar da aka ce mu bar ciki saboda Allah ita muka mayar ranar cika shi. Kada ki dafa.

Malama ta Kaura: Ɗalibi, bi a sannu. Ba na ja da hadisan da ka kawo. Amma tsohuwar da ta wuni ba ci saboda maganar ɗan da ta haifa, wannan ma akwai nassi a kansa, kuma aya ce sukutum. Allah ya hana a ce wa iyaye ko da tir. Ya dubi idon uwarsa ya ce "gidan ubana"? Ita da ta shigo gidan tun kafin a san za a haife shi?

Baban Ikram: A dakata Malam Liman ya fito daga karatun yara, kada mu yanke wa baiwar Allah hukunci da ka.

Malam Liman: Salamu alaikum. Na karanta. Maman Sadik, Allah ya saka da kika tambaya kafin ki ɗora tukunya ko ki sauke ta.

Mu fara da watan kansa. Allah ya ce a Suratut Tauba, aya ta 36, watanni goma sha biyu ne a wurinsa, huɗu daga ciki masu alfarma. Annabi (SAW) ya lissafa su a huɗubarsa ta Hajjin Bankwana: uku a jere, Zulƙida da Zulhajji da Muharram, sai Rajab shi kaɗai tsakanin Jumada da Sha'aban. Wato mu yanzu muna cikin na ukun jerin ne. Iyayenmu da ke ce wa Rajab watan azumin tsofaffi sun san da wannan lissafi, ko da ba su kawo aya ba.

Ashura kuma ta girmi azumin Ramadan. Nana A'isha ta ce Ƙuraishawa suna azumtarta tun a jahiliyya, Annabi ma yana yi. Da ya isa Madina ya tarar Yahudawa suna azumi, ya tambaya, suka ce ranar ce Allah ya tserar da Annabi Musa da mutanensa daga Fir'auna. Ya ce mu ne muka fi cancanta da Musa, ya azumta ya yi umarni a azumta. Har yara sahabbai suke sa wa azumin, su yi musu abin wasa da gashin tumaki su riƙa lallaɓa su zuwa magariba. Da aka farlanta Ramadan a shekara ta 2 bayan Hijira sai ta koma nafila. A ƙarshen rayuwarsa ya ce in ya kai baɗi zai azumci ranar tara, bai kai ba Allah ya karɓi ransa. Daga nan Tasu'a ta samo asali. Duk wannan babu ja a cikinsa, Ɗalibi ya yi daidai.

Inda zan rage masa gudu shi ne batun abinci. Akwai hadisin da ke cewa wanda ya yalwata wa iyalinsa ranar Ashura Allah zai yalwata masa sauran shekararsa. Malamai sun daɗe suna saɓani a kansa. Imam Ahmad bai ga ingancinsa ba, Ibn Taimiyya ya yi watsi da shi. Baihaƙi ya ce hanyoyinsa raunana ne amma in an haɗa su suna ƙarfafa juna. An ruwaito Sufyan bin Uyaina yana cewa sun jarraba shi shekara hamsin ko sittin ba su ga komai ba sai alheri. Malamanmu na Malikiyya da yawa sun yi aiki da shi, kuma ina ganin ta wannan ƙofar al'adar ta shigo ƙasar Hausa. Abin da manya irin waɗannan suka saɓa a kai, ba a rusa zuciyar uwa saboda shi. Ni kaina na fi karkata ga masu raunana hadisin, amma ba zan kira wadda ta ciyar da gidanta da maƙwabtanta mai saɓon Allah ba.

Goggo (jikarta ce ke rubuta mata): Ku gai da Malam. Ni dai tun ina ɗiya ƙarama can garinmu wajen Anka haka munka taras. Abin da anka ce muna, wanda duk bai cika cikinai ba daren nan za a cika mai shi da wuta. Muna ci muna tsoro, wani yaro har kuka shikai tuwo na gabanai. Da na yi wayo na san wanga zance na tsoratar da yara ne.

Amma ku yaran yanzu ba ku san mi ag ga cikin abin ba. Ba kowa ka yin layya ba. Akwai gidan da in sun samu tsoka biyu ranar Sallah, to sai wata shekara. Daren cika-ciki babu akushin da ka zama gida, duk suna bisa hanya. Kai ka aika gidan wane, wane ya aiko naka, wanda bai da komi shi anka fi kai ma, kuma ba ya jin kunya don kowa na karɓa. Ba a sanin mai bayarwa da mai amsa. Taubasai kuma na bin juna kuɗin shara, jikoki na bin kakanni. Wanda kunka yi shekara ba ku magana, ranar nan dole shi zo ku yi wasa, in an yi dariya faɗa ya mutu. Ni na ga 'yan'uwa biyu da gona ta raba, kuɗin shara sunka maida su cin tuwo kwano guda. Kuma azumi muna yi. Wa ya ce ba mu yi? Uwata ba ta taɓa barin tara da goma ba har ta kwanta dama. Da rana baki rufe, da dare a ci. In za ku hana abu ku fara tambayar masu yi mi ya sa.

Ɗalibi: Allah ya ƙara wa Goggo lafiya. Amma kin ji da bakinki, an jingina wa Allah azabar da bai faɗa ba. Cewa za a cika wa mutum ciki da wuta don bai ci tuwo ba ƙarya ce ga addini. Irin wannan ne ke sa muke tsanantawa.

Malam Liman: A wannan ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Zancen wutar nan a binne shi, kada a sake faɗa wa yaro. Haka cin da ya wuce kima har mutum ya kasa tashi asuba, ya kwana yana juyi, gobe ya ce ba zai iya azumi ba. Wannan ya sayar da riba ya sayi asara.

Amarya: Malam, ana bi na kwana shida na Ramadan ban rama ba. Zan iya yin Tasu'a da Ashura?

Malam Liman: A mazhabarmu an karhanta nafila kafin ramuwa, wasu malamai kuma sun halatta tunda lokacin ramuwar yana da faɗi. Mafi sauƙi gare ki ki ɗaura niyyar ramuwa a ranakun biyu, kin rage bashi, kuma muna yi miki fatan ladan ranar. Ki kwana da niyya, don a Malikiyya ko nafila ba a ɗaura mata niyya bayan alfijir.

Direba: Ni rikicina kwanan wata. A waya ina ganin lissafi ɗaya, a rediyo wani.

Baban Ikram: Bi sanarwar fadar Sarkin Musulmi, ita muke bi a azumi da Sallah, ita ce a nan ma. Kalandar waya lissafi ce, wani lokaci takan riga mu da kwana ɗaya. In ka shiga kokwanto ka haɗa tara da goma da sha ɗaya ka huta. Abin da ya fi damuna manoma ne, watan ya faɗo tsakiyar damina ana fama da noma. Ina yaro a lokacin sanyi muke yin sa, rumbu cike. Shekarar wata tana gaza ta rana da kwana 10 ko 11, shi ya sa yake zagayawa, sai bayan kimanin shekara 33 ya komo inda ya bari. Yanzu ya zo daidai lokacin da hatsin bara ya ƙare na bana bai nuna ba.

Ɗan Maru: Salamu alaikum. Tun safe nake karanta ku ban sa baki ba. Ni ba malami ba ne, manomi ne, ko in ce da can manomi ne. Damina biyu ke nan ban riƙe fartanya a gonata ba. Muna zaune a wani kango da mai shi bai gama ginawa ba nan bayan Damba, Allah ya saka masa bai kore mu ba. Kuna maganar a cika ciki ko a bar shi. A wurinmu yara kan kai la'asar ba su sa komai a baki ba, ba Ashura ba Tasu'a.

Ba roƙo ya sa na yi magana ba. Tambaya gare ni ga Malam. Kun ce watannin nan masu alfarma ne. A watan Zulƙida aka shiga garinmu, mutane suna shirin rakiyar maniyyata. Waɗanda suka shigo na ji da kunnena suna kiran sunan Allah. Wani a cikinsu da laya a wuya. Sun kashe yayana a bakin rumbunsa. To Malam, alfarmar nan mece ce ita? Ta azumi ce kawai da tuwo? In wata yana da alfarma, me ya sa ba ta hana komai?

Malama ta Kaura: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan yayanka, ya mayar da ku gida lafiya.

Malam Liman: Allah ya gafarta masa, ya karɓi shahadarsa. Ɗan'uwa, tambayarka ta fi wadda muka wuni a kanta, kuma ita ce asalin maganar.

Ayar da na kawo ɗazu ban ƙarasa ta ba. Bayan Allah ya ambaci watanni huɗun, abin da ya biyo baya ba umarnin azumi ba ne. Cewa ya yi kada ku zalunci kanku a cikinsu. Kalmar da muke fassarawa da alfarma ita ce hurum, daga haramci. Wata ne da ake ɗaure hannu a cikinsa. Ƙatada, cikin manyan tabi'ai, ya ce zalunci a waɗannan watanni ya fi girman laifi, duk da cewa zalunci babba ne a kowane hali.

Larabawan jahiliyya masu bautar gumaka, waɗanda hari da kwasar raƙuma ya zame musu sana'a, sun san wannan. Bukhari ya kawo maganar Abu Raja'il Uɗaridi, wanda ya rayu a jahiliyya kafin ya musulunta, cewa in Rajab ya kama sukan cire ƙarfen da ke bakin mashi da kibiya su ajiye, har suna kiran watan mai cire tsinin masu. Malaman tafsiri sun ce mutum kan haɗu da wanda ya kashe ubansa a watan alfarma ya wuce bai taɓa shi ba. Hikimar a fili take. Zulƙida a kama hanyar Makka, Zulhajji a yi aikin Hajji, Muharram a koma gida lafiya. A cikin wannan amincin ne kasuwar Ukaz take ci, fatake su fito, mai rauni ya numfasa. Shi ya sa a Suratul Ma'ida, aya ta 97, Allah ya haɗa Ka'aba da watan alfarma ya kira su abin da rayuwar mutane ke tsayuwa a kai. Ko da son yaƙi ya ci ƙarfinsu ba sa iya cewa mun keta watan kai tsaye, sai su yi dabara su ɗage alfarmar Muharram zuwa Safar. Wannan dabarar ce Allah ya kira ƙari a cikin kafirci a Suratut Tauba, aya ta 37.

Ka ga ke nan mushirikin da ke jin nauyin wata har yana neman dabara ya fi wanda ya shigo garinku sanin girman abin, ko da sunan Allah na bakinsa. Alfarma ba katanga ba ce da za ta tare harsashi. Hukunci ce a wuyan mutane, wanda ya keta zai tarar da ita a gaba. Kuma a sani, kankarar zunubin da ake faɗa a azumin Ashura, mafi yawan malamai sun ce ƙananan zunubai ne. Ba ta wanke jini, ba ta halatta saniyar sata, ba ta biyan haƙƙin marayan da aka bari. Wannan sai tuba da mayar da haƙƙi ga masu shi.

Baban Ikram: Malam, kada wani ya fahimci cewa in an shigo wa mutane a watan nan su naɗe hannu.

Malam Liman: A'a. Suratul Baƙara aya ta 194 ta warware wannan, wanda aka far wa yana da ikon kare kansa a kowane wata, babu malamin da ya saɓa. Saɓanin da aka yi a kan fara yaƙi ne, mafi yawa suka ce an shafe hanin, Aɗa'u bin Abi Rabah na Makka ya ce yana nan. Wannan ma magana ce ta shugaba da runduna. Amma akwai abin da ba kare kai ba ne: a kashe maka ɗan'uwa a daji, kai kuma ka tare wanda bai san hawa ba bai san sauka ba a kasuwa don kamarsa ko harshensa. Wannan sabon zalunci ne, ayar ta hau kansa kamar yadda ta hau kan na farko.

Bappa: Malam, Allah ya biya ka da wannan ta ƙarshen. Ni Bafulatani ne, a Gusau aka haife ni, a nan na yi allo. Garken mahaifina dare ɗaya aka kore shi, baƙin cikin ne ya kwantar da shi har ya rasu. Waɗanda suka kora ba su tambayi yarenmu ba. Bayan haka ɗan yayata ya je cin kasuwar ƙauye sayar da akuya bai dawo ba, waɗanda suka tare shi su ma ba su tambaye shi laifinsa ba. Ɗan Maru, wallahi na ji zafin abin da ya same ka kamar a jikina. Abin da Goggo ta faɗa na akushi ya tuna mini, muna yara mahaifiyata kan aika ƙwaryar nono cikin gari daren nan, a dawo mana da ita cike da tuwo da nama. Yau wa zai aika yaronsa da ƙwarya bayan magariba?

Ɗan Maru: Allah ya jiƙan naka Bappa. Maƙwabcina na gona shekara 20 Bafulatani ne, shi ma yana gudun hijira yanzu a wajen Talata Mafara.

Mai kula da zaure: Jama'a, maganar ta taɓo inda ke ciwo. Don Allah kada kowa ya kira sunan gari ko na mutum da zargi, kuma kada a turo hotunan gawa. A ci gaba da ladabi kamar yadda ake yi.

Na Sabon Gari: Akwai abin da ba wanda ya ambata. A ranar goma ga Muharram shekara ta 61 bayan Hijira aka kashe Sayyidina Husaini, jikan Manzon Allah, a Karbala cikin ƙasar Iraƙi, shi da mutanen gidansa, bayan an hana su ruwa. Ni tun da na san wannan tuwon cika-ciki ya daina wuce mini a maƙogwaro. Ta yaya za a yi shagali a irin wannan rana?

Malam Liman: Babu musulmin da zai ji kisan Husaini zuciyarsa ba ta yi ƙunci ba. Shi da ɗan'uwansa Hasan ne Annabi ya kira shugabannin samarin Aljanna. Abin da malaman Sunna suka tsaya a kai shi ne azumin ranar ya riga Karbala da kusan shekara 60, don haka ba a mayar da ita ranar makoki da dukan jiki, ba a kuma mayar da ita idi. Na san akwai 'yan'uwa a garin nan da suke ganin abin daban, ba kuma a zauren nan za mu ƙare saɓanin da ya haura shekara dubu ba. Amma ka lura da abu ɗaya, don ya koma ga tambayar Ɗan Maru. Waɗanda suka kewaye Husaini ba Rumawa ba ne, ba majusawa ba. Masu salla ne, sun san wane ne kakansa, sun san wane wata suke ciki. Tun ƙarni na farko ake samun mai kiran sunan Allah yana keta alfarmarsa. Ita kuwa tsohuwar da ke tuƙa tuwo a Tudun Wada, na tabbata ba murnar Karbala take yi ba.

Malama ta Kaura: Ni abin da ke tsaya mini a rai duk shekara shi ne kalmar hijira. Muna koya wa yara a aji cewa Sayyidina Umar ne ya kafa wannan lissafi a zamanin halifancinsa, sahabbai suka zaɓi a ƙirga daga Hijira, ba daga haihuwar Annabi ko rasuwarsa ba. Ita tafiyar ma a Rabi'ul Awwal ya isa Madina, a shekarar 622, amma aka fara shekara da Muharram don lokacin ne mutane ke dawowa daga Hajji. Mukan ba su labarin Shehu Usmanu da ya bar Degel zuwa Gudu a 1804. Yara su rera waƙa, a yi jawabi, a watse. Alhali a ajin nan nawa akwai yaran da da ƙafarsu suka yi hijira, wata ko takalmi ba ta tsaya ɗauka ba.

Hijira ba ta yi daɗin labari ba sai da aka samu Ansar. Sa'ad bin Rabi'u ya ce wa Abdurrahman bin Auf ga dukiyata mu raba biyu. Shi kuma ya yi masa addu'a ya ce nuna mini hanyar kasuwa. Mu mutanen Gusau da Kaura da Mafara, waɗanda Allah ya bar mu a ɗakunanmu, mu ne ke wurin Ansar yanzu ko mun so ko ba mu so ba. Maman Sadik, in da ni ce ke, zan dafa jelar nan, in ƙara ruwan miya, in tuƙa fiye da na bara. Sai dai akushin kada ya tsaya gidan maƙwabcin da shi ma ya yi layya.

Ɗan Maru: Malama, maganar sahabin nan ta shige ni. Mu ma abin da muka fi so ke nan. Akwai majiya ƙarfi a cikinmu da suka iya noma, wani ya iya gini, matanmu sun iya surfe da wankau. In akwai mai gona kusa da gari da ke neman hannu, a tuna da mu.

Direba: Wana yana da gona ta hanyar Bungudu, jiya yake kukan ciyawa ta fi ƙarfinsa. Zan turo maka lambarsa ta gefe.

Ɗalibi: Na karanta duka, kuma na ƙaru. Ina nan a kan cewa hadisin yalwatawa bai inganta ba, kuma ina tsoron a keɓe dare da wata falala ba da dalili ba. Ban sauka daga wannan ba. Amma ciyar da mai azumi da mai yunwa ba ya bukatar wancan hadisin, nassoshinsa sun fi a ƙirga. In za a dafa da niyyar buɗa-baki da sadaka, a bar zancen wuta, a bar cin ƙeta, ba ni da ta cewa. Na kuma yarda na yi gaggawa da na ce kada ki dafa ban tambayi halin da Inna take ciki ba. Maman Sadik, ki ce wa ƙanen maigidanki wani ɗalibi irinsa ya ce ya je ya durƙusa ya ba ta haƙuri tun kafin a kai ga maganar tukunya. Mudu biyar na masara daga wurina, ki faɗi inda za a kai.

Baban Ikram: Ni da manja da kuka.

Bappa: Nono da man shanu, in Allah ya kai mu ranar tara da la'asar.

Maman Sadik: Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Bayan isha na shiga ɗakin Inna na karanta mata abin da Goggo ta ce da na Malam. Ta daɗe ba ta yi magana ba. Sai ta ce ita ba tuwon ne ya dame ta ba, cewa da ya yi tana aikin ɓata. Ashe shekara sama da 40 ba ta taɓa shan Tasu'a da Ashura ba, shi bai sani ba don ba ta taɓa faɗa ba. Da na kai ga maganar Ɗan Maru ta yi kuka, ta ce ita ma 'yar ƙauye ce aure ya kawo ta birni. Ta ce a sauke jelar da ƙafafun duka, kuma akwai kan rago da ta ɓoye wanda ni ma ban san da shi ba. Yaron bai shigo ba tukuna, yana zauren gida, amma na ga ya aiki Sadik ya sayo mata goro. Ɗan Maru, ku nawa ne a wurin? Kuma akwai wanda ba ya cin yaji?

Ɗan Maru: Mu 19 ne, yara 11. Akwai mai jego, kwananta 12, ita a rage mata yaji. Manyan duk za mu yi azumin in sha Allahu. Ba mu da manyan kwanuka, in da hali a zo da shi a roba mu juye mu mayar. In an iso gidan mai na bakin titi a kira ni, zan fito in tare ku, don hanyar ta cikin lungu ruwa ya cinye ta.